Kwaltar Gagarawa

Ranar da sabuwar mota ta iso ƙofar gidan Alhaji Lado dillalin shanu, rabin Gumel ya zo kallo. Fijo ce 504, fara fat, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Hussaini, babban ɗan Alhaji, shi ya tuƙo ta daga Kano, kuma tun kafin ya kashe inji ya sanar da jama'a cewa wannan ba mai taɓa sitiyarinta sai shi. Da ya faɗi haka ba wanda ya waiwaya ya dubi Ɗantsoho, direban gidan. Shi ma bai damu ba. Yana can gindin darbejiya, ya jingina da tsohuwar motar, baƙar Fijo 403 da ya shekara goma sha bakwai yana tuƙawa, sai murmushi yake yi. Mutane suka ɗauka maigidansa yake taya murna. Murnar kansa yake yi, don a saninsa tsohuwar ta zama tasa.

Maganar ta samo asali ne shekara takwas da suka wuce, a Gagarawa. Lokacin Alhaji bai zama Alhaji ba, Malam Lado ake ce masa, ranar ma Kano za shi ya hau jirgin Makka. Suna dab da tashar jirgin ƙasa motar ta fara tururi. Ɗantsoho ya ɗaga boneti ya duba, ya ga wuyan ƙarfen da tiyon ruwa yake shiga cikin inji ya tsage, can ƙasa inda hannu da ƙyar yake kaiwa. Babu makaniki a garin, babu jirgin ƙasa sai jibi, na sama kuwa gobe da safe zai tashi. Malam Lado ya zauna a inuwar wata tsamiya ya haɗa kai da gwiwa, babba da shi har da hawaye. Ɗantsoho ya shiga tasha ya roƙi leburori kwalta a gwangwani, ya narkar da ita a murhun mai shayi, ya cuɗa ta da auduga, ya kwanta ƙarƙashin mota ya liƙe tsagar, ya naɗe da robar taya, ya ɗaure da waya. Ya ƙone yatsu biyu a wannan aiki, tabon yana nan bai ɓace ba. Kafin magariba suka shiga Kano.

A gindin tsamiyar nan, da ya ji inji ya tashi, Malam Lado ya kama hannun da ya ƙone ya ce, "Ɗantsoho, ranar da Allah ya ba ni wata motar, wannan taka ce. Ka riƙe maganar nan."

Ya riƙe ta kuwa, gam. Sau biyu masu manyan motoci na Maigatari suka neme shi aiki, ya ƙi. Shekarar da aka canja hannu, aka koma bin dama, direbobi suka yi ta kuka da motocinsu. Tasa kuwa daga Damagaram aka sayo ta, dama can sitiyarinta a hagu yake, sai ya ce Allah ne yake share masa hanya. Ya gama tsara komai a ransa. Ranar Alhamis zai ɗebi fasinjan kasuwar Maigatari, sawu biyu ko uku, sauran ranaku kuma abin da ya samu. Ya san ƙarfinsa ya fara ja da baya, ya kuma san ba mai ɗaukar tsoho sabon aiki. 'Ya'yansa mata ne, duk suna gidajen mazajensu. Da motar nan zai ci tuwon tsufansa, shi da matarsa Yelwa.

Saboda haka ya lallaɓa motar. Kowace shekara kafin zafi ya shigo sai ya ɗora sabuwar kwalta a kan ta Gagarawa. Baƙin mai da yashi suka taru a kai suka daskare, suka zama ɓawo mai kauri. Duk cikin injin haka yake, baƙi ƙirin, nan waya, can tsumma. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma ko sau ɗaya bai taɓa kwana a daji da maigidansa ba.

Kwana uku da zuwan sabuwar mota, ranar Talata, Alhaji ya aika a kira shi zaure. Yelwa ta ciro masa rigarsa ta Juma'a daga akwati.

"Sa wannan, Malam," in ji ta. "Ba a zuwa karɓar kyauta da rigar baƙin mai."

Ya tarar da Alhaji a kan darduma da carbi a hannu, har yanzu bai gama mayar da jikinsa ba. Bara ya kwanta ciwo wata huɗu, ƙafafunsa suka kumbura har ya kasa takawa. An yi na asibiti a Kano, an kuma yi na Malam Cindo, wani tsohon malami a Sule Tankarkar. Ɗantsoho ne ya riƙa ɗaukar Alhaji a kafaɗa yana sa shi a mota, shi ne kuma duk Laraba yake ratsa rairayi ya karɓo rubutu a gora. A gefen Alhaji ga Hussaini zaune, ga kuma wani mutum mai gemu da Ɗantsoho ya sha gani a ƙofar gidan malamin, wato Ubale, ɗan ƙanen Malam Cindo.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Ɗantsoho, ka fi kowa sanin halin da na shiga bara. Ina kwance na yi bakance, na ce in Allah ya tashe ni da ƙafafuna, baƙar motar nan ta Malam Cindo ce. To, Allah ya tashe ni. Ga Ubale nan, ya iya tuƙi. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zai tafi da ita."

Ɗantsoho ya dubi tabarmar da yake kai, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai maganar Gagarawa."

"Wace magana?"

"Ta gindin tsamiya. Ranar tafiya Makka."

Alhaji bai manta ba, Ɗantsoho ya gani a idonsa. Ya ja carbi uku ko huɗu kafin ya amsa. "Waccan tsakanina da kai ce. Wannan kuwa tsakanina da Ubangijina ce. Kai da kanka ka faɗa mini, wacce zan karya?"

To, me direba zai ce? Haka masu hali suke yi. In za su danne maka haƙƙi sai su shigo da sunan Allah cikin zancen, yadda in ka buɗe baki kai ne za a ce ba ka da tsoronsa. Kuma Alhaji yana da shanu a garke uku, da ya ga dama da goma ya kora wa malamin, amma da zai yi bakance sai hannunsa ya faɗa kan abin da ya riga ya ba wani.

Hussaini ya gyara murya. "Sannan Baba Ɗantsoho, kafin Juma'a a wanke injin nan. Jiya na ɗaga boneti, wallahi kunya ta kama ni, kamar bolar unguwa. Ba a kai wa malami ƙazanta. A wanke da kananzir, a cire tsummokaran nan da wayoyi kaf. Na zo da sababbin tiyo da fanbel daga Kano. So nake in Malam ya leƙa ya ga fuskarsa a ciki."

Wannan ya sa Ɗantsoho ya ɗago kai. "Hussaini, a wanke jikinta, a wanke kujeru, amma kada a taɓa injin nan da kananzir. Dattin da kake gani shi ya riƙe ta. Akwai wani wuri a ƙasa…"

Hussaini ya bushe da dariya. "Alhaji ka ji fa! Datti ne ya riƙe mota!"

"Ni shekara biyu na yi ina tuƙa tifa," in ji Ubale, "ban taɓa jin an ce wanka ya kashe inji ba."

Alhaji ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya yi magana a hankali, da muryar mai nasiha. "Ɗantsoho, kada baƙin ciki ya sa ka ɓata shekara goma sha bakwai. Don ba kai aka ba ba, shi ne za ka so ta je a wulaƙance? Yi abin da aka ce."

Ko hana shi motar bai yi masa ciwo kamar wannan kalma ba. Gaskiya ya faɗa, don motar ya faɗe ta, aka mayar da ita baƙin ciki a gaban baƙo. Ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Yelwa tana tankaɗe ya shigo. Ta dubi hannunsa ta ga bai ɗago mata mabuɗi ba, ta dubi fuskarsa, ta ajiye rariyar. Ya faɗa mata a taƙaice.

"Malamin da ya yi rubutu a inuwa shi ne da mota," in ji ta, "kai da ka ɗauko rubutun a rana kai ne da wanki. Wallahi Malam, ka kai musu mabuɗinsu, su wanke da hannunsu. Shi Hussainin da ka goya a kujerar gaba yana maka fitsari a cinya!"

"Hannun wani ba zai shiga cikinta ba, muddin tana Gumel," ya ce. Ya cire rigar Juma'a ya miƙa mata ta mayar akwati.

Laraba da hantsi ya tura motar gindin darbejiya. Ya jera kayan aikinsa a kan buhu: galan na kananzir, tsohon buroshi, wuƙa, tsummoki, da asuwaki guda uku don lunguna. Ya cire batir ya ajiye a inuwa. Ya toshe bakin kafireto da tsumma mai tsabta, ya rufe kan wayoyin fulogi don kada laima ta shiga. Sannan ya fara daga sama. Ya kankare da wuƙa, ya jiƙa da kananzir, ya goge da buroshi, ya share. Baƙin ruwa ya riƙa gangarawa yana ɗiga cikin yashi.

Duk abin da ya cire ya san ranar da ya sa shi. Tsumman da ya ɗaure batir, gefen zanen Yelwa ne, ta yage masa shekarar fari, lokacin da yake jigilar dusa zuwa garken Alhaji. Ƙarfen da ya riƙe wayar totur, sifokin keke ne, wani mai faci ya ba shi a Maigatari. Ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya sa sababbin da Hussaini ya kawo. Bai yi aikin da ha'inci ba. Ya so ya yi, hannunsa ya ƙi, don hannun bai saba ba. Inda buroshi bai kai ba ya tauna asuwaki ya cusa. Saman lagireto, tankin ruwan inji, tagulla ne, ya murza shi da toka da lemon tsami har ya koma ja yana ƙyalli. Kafin la'asar asalin fentin inji ya fito, wani toka-toka mai kyau da shi kansa ya manta da shi. Ya tsaya yana kallo. Haushi ya kama shi sosai, don bai taɓa ganin ta yi kyau haka ba sai yau da za ta bar hannunsa.

Alhamis tun da safe motocin kasuwar Maigatari suka fara wucewa ta bakin titi, cike da mutane da awaki, ana hon ana kiran fasinja. Yau ce ranar da ya shekara takwas yana tsarawa. Ya juya wa titin baya ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ya shige ƙarƙashin mota, don saura wuri ɗaya.

Kananzir ɗin jiya ya riga shi. Ya gangaro daga sama ya kwana yana cin ɓawon, kwalta kuwa ba ta da abokin gaba kamar kananzir. Ya taɓa da yatsa, ta yi laushi kamar kunu. Ya warware wayar, ya zare robar, ya goge sau biyu, kwaltar shekara takwas ta biyo tsumma. Ga tsagar nan, siririya kamar gashi. Ya cika lagireto da ruwa ya dawo ya duba, ko ɗigo babu. Ya san haka take. In inji yana sanyi bakinta a rufe yake, sai ƙarfe ya ɗauki zafi, ya yi mil goma cikin rairayi, sannan take buɗewa.

Ya zo da gwangwanin madara a aljihu, da dunƙulen kwalta a ciki da ɗan auduga, kamar yadda yake yi duk shekara. Aikin kwata ne na awa. Wurin a ɓoye yake, ko Hussaini ya sa tabarau ba zai gani ba. Har ya fito da gwangwanin, yana tunanin zuwa wurin mai shayi ya narkar, sai ya ga ƙafafun mutum biyu sun tsaya gaban mota.

"Kai! Ubale, zo ka gani!" Muryar Hussaini ce. "Baba, kana ƙasa ne? Ashe dai ka iya. To ina dattin da ya riƙe ta? Ga ta nan a tsaye ba ta faɗi ba."

Suka yi dariya. Ɗantsoho ya ji an buɗe ƙofar direba, motar ta ɗan nutsa a kansa, Ubale ya zauna. Can sai wani abu ya faɗo ƙasa kusa da fuskarsa. Ɗan matashin fata ne da Yelwa ta cusa masa da rimi saboda ciwon bayansa, ya fi shekara goma a kujerar nan.

"Baba, a haɗa da wannan a zubar," in ji Ubale. "Duk ya cika motar da wari."

Daga ƙarƙashin mota Ɗantsoho ya ce, "Ubale, agogon zafinta ya mutu tuntuni. Ni da hanci nake gane ta. In ka shiga rairayi ka riƙa tsayawa kana duba ruwa, in ka ji…"

"Baba, tifa fa na tuƙa. Wannan ai abin wasan yara ce."

Suka rufe ƙofa suka tafi, suna zancen yadda mutanen Sule Tankarkar za su fito kallo.

Ya daɗe a kwance, gwangwani a ƙirjinsa, yana kallon tsagar. Ya ce wa kansa an ce a cire komai, ya cire. Ya ce wa kansa ya faɗa sau biyu, ba a ji ba. Duk gaskiya ne, amma ya san ba su ne dalili ba. Dalilin shi ne ya ƙi jinin ya ga motar nan tana tafiya lafiya a hannun mutumin nan. An kira shi mai baƙin ciki lokacin da ba shi da shi, yanzu kuwa ga shi ya zo, ya cika masa ciki. Ya danne murfin gwangwanin ya mayar aljihu. Ya fito, ya ɗauki matashinsa ya kakkaɓe, ya rufe boneti.

Juma'a da aka sauko masallaci jama'a suka taru. Hussaini ya ɗaga boneti don kowa ya gani, aka yi ta salati. Alhaji ya ce, "Madalla, Ɗantsoho, Allah ya yi albarka." Ɗantsoho ya durƙusa ya miƙa masa mabuɗi, shi kuma ya miƙa wa Ubale. Bugu ɗaya ta tashi. Ubale ya ja ta da ƙarfi, giya ta yi ƙara, ta sha kwana ta yi yamma.

Ɗantsoho ya koma gida. Yelwa ta kawo masa fura, bai sha ba. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana bin motar da zuciya, don ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Yanzu ta bar gari. Yanzu ta wuce rijiyar makiyaya. Yanzu ta shiga dogon rairayin nan da sai da giya ta ɗaya ake ratsa shi, inji yana kuka. Nan ne. Ruwa zai fara ɗiga, sannan ya tsiyaye, wani ƙauri zai taso ta wajen ƙafa, wanda da shi ne da tuni ya kashe ta ya ɗaga boneti. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Ubale zai sauka ya kakkaɓe riga ya nemi jakin da zai hau ya ƙarasa gida. Malam Cindo bai taɓa mallakar mota ba, ba abin da zai rasa. Alhaji yana da sabuwa. Ita kaɗai ce za ta ƙone, ita da ba ta taɓa yi masa komai ba. Ya miƙe zumbur ya fita neman aron keke, ya kai bakin titi ya tsaya. Ko doki ya hau ba zai tarar da komai ba.

Bayan la'asar wani mai raƙumi ya kawo labari. Ubale bai tsaya ba har sai da inji ya buga, mota ta tsaya da kanta tana hayaƙi. Da ya ga haka, sai ya karɓi guga a hannun masu shayar da dabbobi ya sheƙa wa injin ruwan rijiya mai sanyi. An ce ƙarar da ƙarfen ya yi har shanu sai da suka firgita.

Asabar da hantsi bijimai biyu na huɗa suka jawo ta cikin gari, Ubale yana riƙe da sitiyari yana kallon ƙasa. Aka kira makaniki ya duba. Ya ce jikin injin ya tsage gida biyu, ba walda ba ɗauri, kuma irin wannan inji an daina kawo shi, ko a Kano sai dai a yi ta yawo a banza. Ya ƙara da cewa bai taɓa ganin inji mai tsabta irin wannan ba.

Ɗantsoho yana tsaye a gefe yana jiran a juyo kansa. Ya shirya, har so yake a tambaye shi, ya faɗi komai a gaban kowa. Ba wanda ya tambaye shi. Hussaini ya ce tsufa ne kawai, dama ta gama yayinta. Gargaɗin da ya yi a zaure ba wanda ya tuna da shi, don tun farko ba su ɗauke shi maganar da za a riƙe ba.

Ubale ya kawo saƙon Malam Cindo. Malam ya ce tunda mota ta bar gidan Alhaji a hannun ɗansa Ubale, bakance ya cika, Allah ya karɓa. Shi ba shi da inda zai ajiye ƙarfe, Alhaji ya yi yadda ya ga dama da ita.

Alhaji ya riƙa jan carbi, yana kallon motar da ta tare masa ƙofar gida. Can fuskarsa ta washe. Ya sa aka shimfiɗa masa darduma a waje, ya kira Ɗantsoho gabansa, jama'a suka matso.

"Jama'a, ku saurara," in ji shi. "Shekara takwas da suka wuce, a Gagarawa, motar nan ta tsaya da ni ina hanyar Makka."

Ya ba da labarin kaf. Tsamiyar, da leburorin tasha, da murhun mai shayi, har yatsu biyun da suka ƙone, ya sa Ɗantsoho ya ɗaga hannu a ga tabon. Abin da ranar Talata ya ce "wace magana", yau bai bar ko ɗigo ba.

"A ranar na yi masa alkawarin motar nan. Ni kuwa ba na karya alkawari. Ɗantsoho, ga motarka. Ka yi mana hidima, yanzu sai ka je ka huta, Hussaini ya ɗauke maka tuƙi."

Wuri ya ɗauka. "Allah ya saka da alheri, Alhaji!" "Kai, irin su Alhaji sun yi ƙaranci!" Wani dattijo ya dafa kafaɗar Ɗantsoho ya ce, "Yi godiya mana, farin ciki ya hana ka magana?"

Ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara arziki." Ya ji muryarsa tana fitar da kalmomin daidai yadda ake faɗarsu, ba wanda ya ji wani abu a ciki. Alhaji ya miƙo mabuɗi, ya karɓa da hannu biyu.

Bijiman da suka kawo ta su suka ja ta zuwa ƙofar gidansa, shi yana riƙe da sitiyari. Matan unguwa suka yi ta shiga wurin Yelwa suna yi mata barka da arziki, tana amsawa da haƙora a cije. Da mutane suka watse ya ɗaga boneti. Tagullar tana nan tana ƙyalli, sabon fanbel ko ƙura bai gama ɗauka ba. Da ya liƙe ta ranar Alhamis, da yanzu tana Sule Tankarkar da ranta, ta wani ce. Bai liƙe ba, ga ta ta zama tasa. Ya juya zancen ta kowane gefe, bai ga ta inda za a ba shi ita tana numfashi ba, kuma wannan bai rage masa komai daga laifinsa ba, don hannunsa ne ya rufe gwangwanin.

Ya shiga gida. Yelwa ta sauke tukunya, garwashi yana nan da sauransa. Ya ciro gwangwanin madara daga aljihu ya ɗora a murhu, ya tsuguna yana juyawa da tsinke har kwaltar ta narke, ya cuɗa auduga. Ya fita da ita, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin mota. Yelwa ta biyo shi har zaure ta tsaya tana kallon ƙafafunsa.

Ya liƙe tsagar Gagarawa, ya danna da babban yatsa, zafin kwaltar yana cinsa. Ya naɗe da robar taya.

"Malam," in ji Yelwa, "wannan zai tashe ta ne?"

"A'a," ya ce. "Miƙo mini wayar nan da ke kan buhu."